Labradoodle ko karen gida, wanne ya dace da Zariya?

Duk mai kallon bidiyon karnuka a TikTok ya san wannan mai gashi kamar na tunkiya, Labradoodle, haɗin Labrador da poodle. A Ostireliya aka haɗa shi a 1989 don jagorar makafi, kuma gaskiya yana da saurin koyo, yana son yara, gashinsa bai cika zuba ba. Amma fa gashin nan shi ne wahalar, kullum sai an taje, bayan 'yan makonni aski, in ba haka ba ya cukurkuɗe kaska ta samu wurin ɓuya, ga ƙurar hunturu ga zafin Afrilu, sannan shi zaman ɗaki cikin mutane yake so, mu kuwa saboda tsarki kare a waje yake kwana, in ka bar shi shi kaɗai sai ya yi ta kuka.

Karen gida fa? Ragowar tuwo ma ci yake, ya saba da ranarmu, gadi kuwa ba sai an koya masa ba. Ni dai shi zan ɗauka. Allurar haukan kare kam duka biyun sai an yi musu, asibitin dabbobi na ABU yana nan Samaru.