Sharhi kan allon juyi na yankan da'ira a injin zarto

Ina sana'ar kafinta a Gusau, kuma yawancin aikin da ke shigowa shagona a lokacin bukukuwan aure ƙananan tebura ne masu zagayayyen kai da kujerun zaman mata. A da, da ƙusa da zare nake zana da'irar, in bi layin fensir a kan injin zarto mai ɗamara (wanda zartonsa siririn ƙarfe ne mai kewayawa kamar bel), sannan yaran shago su ɓata rabin yini da magagari suna gyaran baki. Wannan ne ya sa na sayi allon juyi daga wajen wani maƙerin zamani da ke haɗa irinsa, na kuma yi aiki da shi tun daga damina har shigowar hunturu.

Ƙirarsa ba ta da wuya. Allo ne mai sandar ƙarfe a ƙasa wadda ke shiga kwarmin teburin inji, a samansa kuma akwai ƙaramar ƙusa da ake matsarwa kusa ko nesa da zarto. Tazarar da ke tsakanin ƙusar da zarton ita ce rabin faɗin da'irar, saboda haka mai son kan tebur na inci 24 sai ya ajiye ta a inci 12. Ana huda tsakiyar katakon ta ƙasa, a ɗora shi kan ƙusar, a tura allon gaba har zarto ya shiga, daga nan sai a riƙa juya katakon a hankali kamar yadda mace ke juya faifai.

Idan an daidaita shi, aikinsa abin yabo ne. Kawunan kujerun da na yanka daga malaina sun fito girma ɗaya, har idan aka jera su bisa juna aka shafa gefensu ba a jin tudu, kuma samfefa kaɗan suka buƙata. Sai dai daidaitawar ita ce gaba ɗayan maganar, kuma a nan ne nake ganin maƙerin ya gaza. Dole ƙusar ta tsaya daidai saitin bakin haƙoran zarto, domin idan ta wuce gaba ko ta tsaya baya, zarton zai riƙa karkata ciki ko waje, ƙarshen yanka ya ƙi haɗuwa da farkonsa, wani lokaci ma a ji ƙaurin katako yana ƙuna. Allon ya zo ba tare da abin da zai tsayar da shi a wannan saiti ba, sai da na ɗaura masa guntun katako da noti a ƙasa. Lambobin incin da aka buga a jikinsa ma ba na dogara da su. Tef nake sawa in auna daga tsakiyar ƙusa zuwa haƙori duk lokacin da na sauya zarto.

Ya kamata mai saye ya sani cewa allon ba ya rufa wa zarto asiri. Zarto mai faɗin rabin inci ba ya iya lanƙwasa a da'irar da faɗinta ya gaza kimanin inci 5, don haka ƙananan abubuwa irin su marfin akushi na yara ko ƙafafun motar wasa sai da zarto mai faɗin kwatan inci. Katako mai kauri da tauri, kamar maɗaci, yana son zarto mai haƙora 3 ko 4 a kowane inci, kuma idan haƙoran sun dakushe ta gefe ɗaya, babu saitin da zai hana yankan gocewa. Ga kuma ramin ƙusa da ke zama a ƙasan aiki, wanda bai dami mai tebur ba, amma ya kan dami mai son allon madubi ko tire. A irin wannan na kan manna wani guntu a ƙasa in huda shi a maimakon katakon.

Kafintan da ke yanka da'ira ɗaya a wata ba ya buƙatarsa, fensir da haƙuri sun ishe shi. Wanda kuwa ake kawo wa odar kujeru dozin-dozin, ina ba shi shawarar ya saya, amma ya sa maƙerin ya haɗa masa abin da zai tsayar da allon a saiti kafin ya biya.