Hedifon: Tambayi Kunnenka Kafin Ka Tambayi Aljihunka

Na taɓa sayen wani hedifon wanda duk wanda ya gwada sai ya yaba sautinsa. Ni ma na yaba, a minti goman farko. Da aka yi awa guda sai na ji kamar an ɗaure mini kai da igiya, ƙafar tabarau ta nutse a bayan kunnena, soson kuma ya jiƙe sharkaf da gumi. Yanzu haka yana cikin durowa, sabo fil, wanda nake sawa kullum kuwa bai kai rabin kuɗinsa ba. Tun daga lokacin na daina fara tambayar wanne ya fi daɗin sauti. Abin da nake fara tambaya shi ne awa nawa zan yi da abin nan a kaina, kuma a ina zan zauna da shi.

Amsar wannan ita ke zaɓar maka siffa. Akwai ƙaramin da ake cusawa cikin kunne, wanda aka fi sani da iyafis, akwai mai zama a kan kunne, akwai kuma babban da ke zagaye kunnen gaba ɗaya.

Na cusawa ya fi kowanne sauƙin ɗauka, kuma a ganina nan ne ƙaramin kuɗi ya fi sayo sauti mai kyau. Sai dai sirrinsa duk yana ga 'yar robar nan ta bakinsa. In ba ta toshe ramin kunne ruf ba, iska za ta riƙa fita, bes ɗin, wato sashen sauti mai kauri, ya bi ta, sai ka ji sautin ya koma kamar ana kaɗa gwangwani. Mutane da yawa sun yi wa iyafis mai kyau hukunci alhali laifin robar ce. Shi ya sa ake zubo manya da matsakaita da ƙanana a cikin kwali. Gwada su duka, kuma kada ka yi mamaki in kunnen dama ya so babba, na hagu ya so matsakaiciya, don ba lallai ramukan su zo daidai ba. Akwai masu bakin soso da ake matsewa a cusa su kumbura a ciki. Sun fi toshe ƙara amma sun fi saurin lalacewa. Wanda kuma bai jure abu a cikin kunnensa, yana iya ɗaukar mai siffar AirPods na asali, wanda ke rataye a bakin kunne ba roba. Zai samu sakewa, zai rasa wani kaso na bes, hayaniyar waje kuma za ta riƙa shigowa.

Mai zama a kan kunne ba ni da dogon bayani a kansa. Ba shi da nauyi, amma yana danne guringuntsin kunne, kuma mai tabarau zai fi kowa jin jiki. Koss Porta Pro, wanda ake yi tun 1984, na cikin 'yan kaɗan da nake ganin sun kauce wa wannan, saboda sauƙin nauyinsa.

Babban mai zagaye kunne shi ne na dogon zama, in ka dace. Abubuwan dubawa a jikinsa ba a cika rubuta su da manyan baƙaƙe ba. Nauyi na farko: Sony WH-1000XM5 giram 250 ne, AirPods Max kuwa ya haura giram 380. A hannu bambancin kamar wasa, amma bayan awa uku wuyanka zai ba ka labari. Sai matsi, wato yadda kofunan biyu ke riƙe kai. Mai faɗin kai ya kula da wannan sosai. Sai zurfin kofin, domin in kunnenka na taɓa bangon ciki, zafi na nan tafe. Sai abin da aka lulluɓe soson da shi. Fatar roba na toshe ƙara kuma tana riƙe bes, amma tana tara gumi, daga baya kuma ta fara ɓarewa tana bin gashi da wuyan riga. Karammiski ya fi sanyi da laushi, sai dai ƙara na ratsa shi. Ka tambaya ko ana cire soson a sa sabo. Hedifon da ake canza wa soso da igiya yana iya yin shekara goma yana aiki, wanda aka like komai nasa kuwa ranar da abu ɗaya ya mutu, ya tafi ke nan.

A cikin manyan akwai wani rabe-raben da sabon mai saye kan tsallake: mai rufaffen baya da mai buɗaɗɗen baya. Buɗaɗɗen yana da raga a bayan kofin, iska na shiga tana fita. Sennheiser ne ya fara fito da irinsa a 1968, da HD 414. Sautinsa na da fili, kamar makaɗan na zaune a ɗakin maimakon a tsakiyar kanka, kunne kuma ba ya zafi. Amma duk abin da kake ji na kusa da kai ma yana ji, kai ma kana jin duk abin da ake yi. Na ɗaki ne mai shiru. A ofis ko cikin mota abin faɗa ne. In wuri ɗaya kawai za ka saya wa, kuma wurin ba shiru, ɗauki rufaffe.

Sai batun igiya. Tun da Apple ya cire ramin hedifon daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanonin suka bi sahu, Bluetooth ya zama ruwan dare. Daɗinsa ba ya buƙatar bayani. Abin da ke buƙatar bayani shi ne inda kuɗinka ke tafiya. A hedifon mai igiya kusan duk abin da ka biya ya tafi ga lasifika da gangar jiki. A mara igiya an raba shi: batir, makirufo, ƙwaƙwalwar da ke karɓar sauti, akwatin caji, sannan abin da ya rage a ba lasifika. Saboda haka in kuɗi ɗaya ne, galibi mai igiya ya fi sauti, kuma bambancin ya fi fitowa a ƙasan kasuwa. Ga kuma batir, wanda ke tsufa ko ka lallaɓa shi. A ƙananan nan marasa igiya yawanci ba a iya canza shi, don haka bayan 'yan shekaru abin da ke yin awa biyar sai ya koma yin biyu. Ka saye su da sanin cewa ba kayan gado ba ne.

Za ka ga an jera wasu sunaye a kwali: SBC, AAC, aptX, LDAC. Hanyoyi ne na matse sauti a aika ta Bluetooth. SBC kowace na'ura na da shi. iPhone na amfani da AAC, ba ta san aptX ko LDAC ba, don haka mai iPhone da ya ƙara kuɗi saboda LDAC ya yi kyauta ne kawai. LDAC na Sony ne, yana cikin Android tun fitowa ta 8, kuma yana ɗaukar bayanai fiye da sauran. Gaskiyar magana, a kan titi ko cikin mota ba na jin akwai kunnen da zai bambance su. Abin da kowa zai lura da shi shi ne jinkiri. A kallon fim manhajoji kan daidaita baki da murya, amma a wasan bidiyo ko haɗa sauti, ɗan jinkirin nan na Bluetooth yana ɓata rai. Mai irin wannan aikin ya riƙe igiyarsa. Wanda kuma ke tsakanin waya da kwamfuta duk yini, ya nemi mai iya haɗuwa da na'ura biyu a lokaci ɗaya. Ƙaramin abu ne amma yana rage tsaki.

Fasahar kashe hayaniya, wadda ake rubutawa ANC, ita ce ta fi ɗaga farashi, don haka ya kamata a san me take yi. Makirufo ne ke sauraron ƙarar waje, sai hedifon ɗin ya fitar da kishiyar wannan ƙarar, su haɗu su kashe juna. An ce tunanin yin irin wannan hedifon ya zo wa Amar Bose, wanda ya kafa kamfanin Bose, a cikin jirgin sama a 1978, kamfaninsa ya fara yi wa matuƙa jirgi a 1989, sannan ya fito da na gama-gari a 2000. Asalin nan ya nuna inda ƙarfinta yake: rugugin da ba ya canzawa, irin na injin jirgi, mota, fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Kukan yaro, hon, ko hirar abokan aiki ba ta iya musu sosai, nan toshewar soso ko roba ce ke aiki. Wasu kuma na jin kamar ana danna musu dodon kunne in sun kunna ta, har da ɗan jiri. Matafiyi zai ga amfanin kuɗinsa. Mai zaman ɗaki shiru ba ya buƙata. Kuma ANC mai arha sau da yawa wani siririn "sss" yake ƙara maka, gara iyafis mai toshewa da kyau.

Yanzu sauti. Kowane hedifon da inda ya karkata. Mafi yawan na kasuwa an ɗaga musu bes da siririn sama, an danne tsakiya, domin haka ke burge mutum a minti ɗayan da zai yi yana gwaji. Ga mai jin hip-hop da kiɗan rawa masu dukan ƙirji, wannan ba laifi. Amma a tsakiyar nan muryar ɗan Adam take, da jita, da fiyano, da yawancin kayan tsirkiya. In abin da ka fi saurare karatu ne, ko lacca, ko waƙar da muryar mawaƙi ce jigonta, bes mai yawa zai lulluɓe maka kalmomi, ka yi ta ƙara murya kana neman abin da aka binne. Mai jin jaz ko kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa zai fi more buɗaɗɗen baya irin Sennheiser HD 600, wanda ke kasuwa tun 1997. Mai tace murya ko haɗa bidiyo yana son wanda ba ya ƙawata komai. Sony MDR-7506, na 1991, har yau yana cike ɗakunan ɗaukar sauti saboda yana tona kuskure, ko da yake siririn sautinsa kan gajiyar da wasu. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman ya nuna yawancin mutane sun fi son bes da aka ɗan ɗaga, ba wanda aka tula ba. Bes mai kyau dukansa a tsaye yake, ya buga ya ɗauke. Mara kyau sai ya yi ta gunji yana shafe na kusa da shi. In hedifon na da manhajar gyara sauti, kana iya rage abin da ya yi yawa. Ƙara abin da lasifikar ba ta da shi ne ke da wuya.

Lambobin kwali kuwa, yawancinsu ado ne. "20 Hz zuwa 20,000 Hz" iyakar jin ɗan Adam ce kawai, mai arha da mai tsada duk suna rubutawa, kuma babba ma ba ya jin can saman. Girman lasifika, milimita 40 ko 50, ba ya nuna inganci. Wadda ta cancanci kallo a mai igiya ita ce ohm, ma'aunin yadda hedifon ke tirje wa wutar lantarki. Daga 16 zuwa 32 waya na iya tuƙa shi cikin sauƙi. Beyerdynamic DT 770 Pro na zuwa da 32, da 80, da 250; wanda ya ɗauki na 250 ya soka a waya zai ji murya can ƙasa-ƙasa, sai ya ƙara kuɗin amfilifaya. Mai motsa jiki kuma ya nemi IPX4, alamar jure gumi da yayyafi. IPX7 na jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Mai gudu a gefen titi yana da wani zaɓin, irin na Shokz da ke aika sauti ta ƙashin gaban kunne ya bar ramin a buɗe. Bes ɗinsa kaɗan ne, amma za ka ji motar da ke bayanka.

Toshe hayaniya na da wata fa'ida da ta wuce jin daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da haɗari ba, amma a desibel 90 lokacin ya dawo awa 4 kacal. Abin da ke sa mutum ƙure murya yawanci ƙarar waje ce yake son dannewa. Hedifon da ya toshe da kyau zai bar ka ka saurara a ƙasa-ƙasa. In ka cire ka ji kunnenka na "wiii", ka wuce gona da iri, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa.

Iya kuɗinka iya shagalinka, amma shagalin ba ya hawa daidai da kuɗin. Daga mafi arha zuwa matsakaici tazarar babba ce, kowa zai ji. Daga matsakaici zuwa mai tsadar gaske, sai ka ninka kuɗi sau uku don ɗan ƙarin da sai ka kasa kunne. In kuɗin kaɗan ne, ni iyafis mai igiya zan saya daga kamfanin da aka sani, in haɗa da 'yar mahaɗar USB-C in wayata ba rami. In matsakaici ne, sai in zaɓi ɗaya: ko mara igiya mai ANC don zirga-zirga, ko babba mai igiya don zaman gida. Neman duka biyun a kuɗi ɗaya shi ke kawo wanda bai iya ko ɗaya ba. Fitowar bara ta babban kamfani ma dabara ce, don farashinta kan sauka da zarar sabuwa ta fito, alhali bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Sanannun sunaye kuma su aka fi yi wa jabu, har kwali da lamba, don haka farashin da ya faɗi ƙasa warwas abin tuhuma ne. Nemi garanti, ka kuma san ko ana karɓar kaya in an dawo da su.

In ka samu damar gwaji, je da waƙoƙi uku da ka haddace, ɗaya mai bes, ɗaya mai murya zalla, ɗaya mai tarin kayan kiɗa. Daidaita ƙarfin murya tsakanin waɗanda kake kwatantawa, domin wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke ɗauka ya fi kyau. Sa tabaranka in kana sawa, girgiza kai, yi kamar kana tauna, ka kira wani ka tambaye shi yadda yake jin muryarka. Sannan ka kashe kiɗan, ka bar shi a kanka minti goma sha biyar ba komai.