Kwas ɗin mai da gas da na shiga a Accra: malamin ya yi, fostar ce ƙarya

Tun watan jiya 'yan'uwa ke damuna a WhatsApp wai yaya kwas ɗin nan na mai da gas, to ga amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Wata ƙaramar cibiya ce, ba zan kama suna ba, daga unguwar Nima trotro (motar haya) ɗaya zai kai ka, Asabar huɗu ake yi daga tara na safe zuwa azahar. Abin da ya ja ni gaskiya fostarsu ce, wani saurayi da hular kwano yana ta murmushi a kan jirgi, an rubuta wai aiki na jiranka a Takoradi.

Malamin da ya ɗauke mu sati uku na farko wani dattijo ne masanin duwatsu, kuma wallahi shi kaɗai ya ci kuɗin da na biya. Ranar farko ya shigo da guntun dutse mai yashi-yashi da 'yar kwalbar man gyaɗa, ya ɗiga a kai, muna kallo dutsen ya shanye tas kamar burodi a shayi. Ya ce to haka Jubilee take, wato filin man Ghana da ke cikin teku. Ni da nake zaton wani tafkin mai ne a ƙarƙashin teku sai dai a zura bututu a zuƙa, ashe man a cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi yake maƙale. Yashin kuma daga tudu ya taho, ruwa ya kai shi bakin teku sannan ya riƙa zaftarewa zuwa can ƙasa mai zurfi wajen shekara miliyan 90 da suka wuce, bayan Afirka da Kudancin Amurka sun rabu, daga baya laka ta lulluɓe shi ta zama murfi shi ya sa man bai samu hanyar gudu ba. Da ya ga mun yi zuru sai ya ce ku tuna babbar kwatar Nima da damina, yadda ruwa ke kwaso yashi ya jibge shi wuri guda. Nan take kowa ya gane, aka kwashe da dariya.

Tarihin ma bai karanto mana daga takarda ba. A 2007 kamfanin Kosmos ya haƙa rijiyar Mahogany-1 ya dace, kamfanin Tullow ya biyo baya da rijiyar Hyedua-1 aka ga ashe filin mai ɗaya ne, kuma shekarar ce Ghana ta cika 50 da samun 'yanci, sunan Jubilee ke nan, wato bikin cika shekara 50. Wajen kilomita 60 ne daga gaɓa, zurfin ruwan kaɗai ya haura mita 1,000 kafin ma a fara huda ƙasa, amma zuwa Disambar 2010 shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Atta Mills, ya je ya buɗe famfo. Jirgin da ke karɓar man, FPSO Kwame Nkrumah, tsohuwar tankar mai ce aka gyara a Singapore, an yi shi don ganga 120,000 a rana. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwa ake turawa cikin dutsen da ƙarfi don ya ingizo man sama, in ba haka ba rijiyar sai ta yi sanyi.

Yana cikin bayanin yadda gas ke bin bututu zuwa masana'antar tace gas ta Atuabo, daga nan a kai shi Aboadze a yi wutar lantarki da shi, sai ɗif aka ɗauke wuta, janaretan cibiyar kuma wai babu mai. Wata Hajiya 'yar Mamobi ta ce, Baba, to mu da ke da rijiya me ya sa fetur ke tsada haka? Ya ce Hajiya ɗanye muke sayarwa waje, tatacce kuma mu sayo da dala. Muka ƙarasa darasin muna fifita da littattafanmu.

Sati na huɗu ne ya ɓata min rai. Aka kawo wani yaro ya yi ta karanta abin da ke jikin allo, da muka matsa masa kan maganar aiki sai ya fara kame-kame. Dattijon ne ya ja ni gefe ya ce ɗana, kada a ruɗe ka, takardar nan ba za ta hau da kai helikwaftan da ke kai ma'aikata cikin teku ba, sai ka yi horon tsira a teku da ake kira BOSIET, shi kuma kuɗinsa daban, wurinsa daban, kuma sai kana da sana'a a hannu kamar walda ko aikin lantarki. Da sun faɗi haka tun ranar rajista ai da ba wanda zai ji an yi masa wayo.

Satifiket ɗin ma sai da na yi sawu uku, da ya fito kuma an rubuta sunan mahaifina ba daidai ba, har yanzu yana wurinsu wai za a sake bugawa. Wanda zai je ya fara tambaya ko dattijon nan ne zai koyar, ya riƙe ruwan shansa, ya kuma yi sammako ya kama kujerar bakin taga.