Na hau motar kamfanin nan Jos zuwa Abuja zuwa da dawowa, ga yadda ta kaya

Tunda na ce zan gwada motocin nan da ake bukin ta waya mutane ke ta tambayata yaya aka ƙare, toh na je na dawo lafiya Alhamdulillah. Ba zan kama sunan kamfanin ba saboda akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ƙorafin kan mutum ɗaya ne, ni kuma ba na son in taɓa abincin wani.

Kuɗinsu ya ɗan fi na tasha, amma ba a matse ka, Sienna ce kowa da kujerarsa, esi na aiki, ba a ɗora maka buhun dankali a ƙafa. Sun ce ƙarfe 7 za a tashi, sai kusan 8 muka bar Jos saboda ana jiran wani bawan Allah da ya biya bai iso ba, wannan kam ya ɓata min rai kaɗan amma ba shi ya kawo ni ba.

Direban da ya kai mu dattijo ne, furfura ta cinye gemun, kowa Baba yake ce masa har ma'aikatan ofis. Ni na samu gaba. Daga Bukuru zuwa Mararaban Jama'a zuwa Riyom ba wani labari, tafiya yake a tsanake har na fara cewa a raina anya yau za mu kai da rana kuwa. Sai da muka fara gangara Hawan Kibo na gane wa nake tare da shi. Duk wanda ya san wurin nan ya san kwana ce kan kwana, ga gangara ga titi falle ɗaya, mai zuwa da mai dawowa duk a kai, shi ya sa ma 'yan rod sefti ba sa rabuwa da wajen. Muka tarar da wata tirela ta sha kaya tana saukowa a ƙaramar giya, ƙaurin birkinta har cikin motarmu, bayanta kuma mu ne na farko. Baba ya ba ta tazara ya lafe. Minti biyar, minti goma, muna nan kamar masu rakiyar amarya.

Wani matashi a baya ya kasa haƙuri ya ce Baba don Allah ka yi obatekin mana, wallahi ina da intabiyu ƙarfe ɗaya. Baba ko juyowa bai yi ba ya ce ɗana, inda idona bai gani ba ba na kai hancin mota, duba bayan tirelar can ka ga me yake ce mana. Sai a lokacin na lura siginar hagu ce ke ta ƙiftawa, alhali ba wata hanya a hagun da zai shiga. Ashe magana ce tsakaninsu, hagu na nufin kar ka fito akwai mai zuwa. Bai rufe baki ba sai ga tanka ta ɓullo daga kwanar tana hawowa tana huci, da mun fita da yanzu wani zancen ake. Motar ta yi tsit, mai intabiyu ma ya haɗiye sauran maganarsa.

Da muka sauka titi ya miƙe sai tirelar ta kashe hagu ta kunna dama, ta ɗan raɓe gefe. Baba ya duba madubi, ya sa tasa siginar, ya rage giya ya taka, cikin 'yan daƙiƙu mun wuce, kuma bai yanko mata gaba ba sai da ya hango kanta gaba ɗaya a madubi sannan ya koma hannunsa. Ya danna hon sau biyu gajeru pim pim, mai tirela ya amsa da nasa mai ƙarar jirgin ƙasa. Wallahi abin ya burge ni, mutum biyu ba su san juna ba ko fuska ba su gani ba amma sun gaisa sun yi godiya. Baba dai ya ce min ko an ba ka dama sai ka leƙa da idonka, don wani direban mantawa ya yi da siginarsa a kunne tun daga mahaɗar Forest.

A hira yake gaya min abin da yawancinmu ba mu damu mu sani ba, cewa a dokar hanya tirela da tanka 50 aka yanka musu a irin wannan titin, 60 a ekspires, su kuma motocin haya 80 da 90. Kenan mai tirelar da muke zagi yana rarrafe, shi a kan ƙa'idarsa yake. Ya ce tun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar rage gudu, amma na'ura ba ta hana mutum fita a kwana, wannan sai hankali. Kuma shi ma ba ya riƙe hanya, wajen Gwantu wata Hilux ta manne mana tana ta walƙa fitila, bai yi zuciya ba bai ƙara wuta ba, ya jira wuri mai kyau ya ba ta dama ta wuce abinta.

Mun tsaya Akwanga aka ci abinci aka yi fitsari, minti ashirin. Daga nan zuwa Keffi titi biyu ne yanzu, sai dai a nan ne za ka ga wani ciwon namu, mutum ya hau hannun hagu ya kwanta yana tafiyar hawainiya yana waya, ka yi hon ka yi fitila ko a jikinsa, dole ka bi ta damansa. Tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙin dama, hagu na mai wucewa ne, amma har yau wasu gani suke gadon gidansu ne. Gosulon Mararaba da Nyanya kuwa ba sai na faɗa ba, masu wan-we suna ta yi, Baba ya bi layi har muka fita. Mai intabiyu ya sauka mahaɗar AYA a cikin Abuja da sauran lokacinsa, har da na gode Baba.

Dawowa ce matsalar. Kamfani ɗaya, irin mota ɗaya, kuɗi ɗaya, amma direban wani yaro ne da bai fi talatin ba, waya a hannu ɗaya sitiyari a ɗaya. Shi duk abin da ke gabansa abokin gaba ne. Zai manne wa mota har kana karanta ƙananan rubutun lambarta, ya fita ba sigina, in ya hango mai zuwa maimakon ya koma sai ya kunna masa fitila wai shi ya sauka. Bayan Andaha haka ya tura wani mai mashin da mace da goyo cikin ciyawa, na waiga na ga matar ta dafe kan yaron. A hawan ma ya jera tireloli biyu zai shanye lokaci ɗaya, kan farin layin da bai yanke ba, wanda ko ɗan koyo ya san ba a tsallaka shi. Wata Hajiya ta ce direba ka ji tsoron Allah rayuka ka ɗauko, ya ce Hajiya in kin fi ni iyawa zo ki karɓa. Uwa ce fa, ta haife shi. Ni ma na yi magana ya ƙara ƙarar rediyo.

Abin haushin na duba agogo da muka shigo Jos, duk wannan tashin hankalin bai fi minti 25 ya rage a kan tafiyar Baba ba, kuma salati muka yi ta yi tun daga Keffi.

Na shiga ofis na kai ƙara, yarinyar da ke kanta ta ba ni haƙuri ta rubuta lambar motar, ta ce za a kira ni. Yau kwana tara ba wanda ya kira. Wannan ya rage musu maki a wajena sosai, don kamfanin da ke karɓar kuɗi fiye da tasha ya kamata a ce ya san wa yake ba makulli, ba fasinja ya riƙa canki-canka da ransa ba.

Talata mai zuwa zan sake komawa Abuja ɗauko kaya. Na kira na tambayi waye da lodin farko, suka ce Baba ne, na ce a ajiye min gaba.