Sarauniyar dare daga gandun furannin bakin gulbi: ta yi, amma ba kowane gida ba

Gandun yana can ta wajen gulbi, inda rijiya ba ta da zurfi. Wani dattijo ne ke riƙe da shi, da samari biyu masu ban ruwa. Yawancin cinikinsa na itatuwa ne: mangwaro mai aure, lemun tsami, gwaiba, zogale, bedi. Furannin ado an tura su gefe ɗaya ƙarƙashin rumfar zana, babu suna a jikin ko ɗaya, sai kin tambaya. A nan na sayi sarauniyar dare, wadda masana tsirrai ke kira Cestrum nocturnum. Ƙarama cikin leda jika ɗaya da rabi (jika ɗaya sefa dubu ke nan) dattijon ya ce mini, babba wadda ta fara reshe jika uku. Babbar na ɗauka.

Abin da ya sa nake tura mutane wurinsa shi ne tambayoyin da ya yi mini kafin ya karɓi kuɗi. "Hajiya, kina da awaki a gida? Akwai mai asma? Ruwanki na pampo ne, ko saye kike yi wurin ƴan garuwa?" Na ce Baba, fure na zo saye, wannan bincike fa? Ya ce in dai sayen ruwa nake yi, gara ya ba ni bugenbil, furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga, ita ko an manta da ita tana rayuwa. Mai kaya da zai hana ki kayansa saboda ya ga ba za su yi miki ba, ba kullum ake samunsa a garin nan ba.

Kuma tambayoyin suna da tushe. Shukar dangin tumatir ce da yalo da attarugu da taba, dangin zaƙami kuma, wanda kowa ya san aikinsa. Ganyenta da ƴaƴanta suna da guba. Ƴaƴan farare ne ƙanana, masu sheƙi, irin abin da yaro mai rarrafe zai kai baki ba tare da kin ankara ba. Jar akuyarmu ta Maradi kuwa ba ta ganin kore ta wuce. Ni ina da biyu a bayan gida, sai da na sa aka kewaye shukar da waya, kuma da zarar fure ya faɗi ina tsinke wurin kafin ya ƙulla ɗa.

Asalinta daga Amurka ta Tsakiya ne da tsibiran Karibiyan, ƙasashen ruwa da laima. Mu nan ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, shi ma cikin wata huɗu yake sauka ya ɗauke. A Afrilu da Mayu zafi yana haura 40. Dattijon ya ce in dasa ta inda ranar safe za ta same ta, bango ya kare ta daga ta azahar zuwa la'asar. Haka na yi, kusa da magudanar wurin alwala. Duk da haka a bazara gefen ganyen yana ƙonewa, kuma in ba a ba ta ruwa safe da yamma ba, kafin azahar ta sunkuya. Ƙasar gidanmu rairayi ce, ruwa yana wucewa nan take, don haka na haɗa ramin da ruɓaɓɓen takin awaki, na rufe gindin da ɓawon gyaɗa. Ɓawon nan ya rage mini ban ruwa sosai, sai dai a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Furen kansa ba abin kallo ba ne. Siriri ne, tsawonsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, fari mai ratsin kore, da rana a rufe yake. Wanda ke son launi ya nemi wani abu. Bayan magariba yake buɗewa, kuma tawa ta fi yi da damina. Ƙamshin yana tsallake katanga. Maƙwabciyata ta aiko ɗiyarta ta tambayi wane turaren wuta na sa. Daga nesa yana da daɗi ƙwarai. Kusa kuwa yana da nauyi, yana hawa kai. Surukata ta ce yana sa mata ciwon kai, ta daina shimfiɗa tabarmarta a wannan ɓangaren. Mu da muke kwana a tsakar gida in zafi ya matsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A nisanta ta da taga da wurin kwana, gidan da yake ƙarami kuma a haƙura.

Ɗaya daga cikin samarin ya rantse mini tana korar sauro. A gidana ban ga haka ba. Lokacin da take fure shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci da yara, kada kowa ya naɗe gidan sauronsa saboda ita.

Inda gandun ya gaza kuwa, akwai. Ƙasar cikin ledar laka ce ta fadama, in ta bushe sai ta ƙame, saiwar kuma ta naɗe kanta a gindi saboda ta daɗe ba a dasa ba. Sai da na jiƙa ta na warware da yatsu. Ta kuma zo da farin ƙuda a bayan ganye. Da na koma na faɗa, dattijon ba ya nan, saurayin ya miƙo mini wani magani cikin robar ruwa, babu takarda babu suna, wai jika ɗaya. Ban karɓa ba. Na daka ƴaƴan bedi, na jiƙa suka kwana, na tace na sa ɗan sabulu, ina fesawa da yamma har ƙasan ganye. Ya yi aiki, sai dai yana son maimaici. Farashi ma yana bin tufafin mai saye: ƙanwata ta je da mota aka ce mata jika huɗu.

Da hunturu ƙura tana lulluɓe ganyen, wasu jajayen gizo-gizo ƙanana masu tsotsar ganye su samu wuri, ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya zube. Wanke shi da ruwa ya fi kowane magani. Shukar tana iya kai mita 3 zuwa 4 in an bar ta, rassan su yi tsawo su zube ko'ina, shi ya sa nake rage mata kai bayan ta gama fure. A sabon reshe take sake yin wani. Rassan da aka yanke, masu tsawon taƙi ɗaya, suna kamawa cikin rairayi mai danshi a inuwa, ba sai an sake saye ba. Dattijon ne da kansa ya nuna mini yadda ake yi.

Mai niyya ya je farkon damina, da safe, lokacin da dattijon yake nan da kansa. A ɗaga ganye a duba bayansa, a leƙa gindin leda ko saiwa ta huda ta fito. A tafi da bokiti a saka ta ciki, domin rassanta suna da saurin karyewa a kan kabu-kabu.