EasyBCD: yadda na mayar da tashin Windows kan sabon faifai

Mutane da yawa ba su san cewa wurin da Windows ke zaune daban, wurin da yake tashi daban ba. Idan ka sa sabon faifan SSD (nau'in faifan ajiya mai sauri) ka zuba masa Windows alhali tsohon faifai na jone, sau da yawa fayilolin tashi a tsohon ake barinsu. Ranar da ka zare shi, allo ya yi baƙi, kwamfuta ta ƙi tashi. Abin da ya same ni ke nan, shi ya sa na nemi EasyBCD, manhajar kamfanin NeoSmart, kyauta ce ga mai amfanin kansa.

Aikinta gyara BCD ne, wato rumbun bayanan tashi da ya maye gurbin fayil ɗin boot.ini tun zuwan Windows Vista. Na mayar da tsohon faifan, kwamfuta ta tashi, na shiga sashen "BCD Backup/Repair". Kafin komai na adana kwafin tsarin da ke nan, kuma don Allah kada kowa ya tsallake wannan matakin. Sai na danna "Change boot drive", na zaɓi ɓangaren C, inda Windows ke zaune a sabon faifan. Ta kwafi fayilolin tashi zuwa can, ta sa wa ɓangaren alamar cewa daga shi za a riƙa tashi. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta taɓa na tsohon faifan ba, ko da wani abu ya kwaɓe akwai wurin komawa. Na shiga BIOS, wato saitin da ke fara aiki da an kunna kwamfuta, na ɗora SSD a sahun gaba, na zare tsohon, Windows ya tashi lafiya lau.

Akwai kuma inda ake zaɓar tsarin da zai fara tashi da daƙiƙun jira, ga mai tsarin aiki biyu (kamar Windows biyu) a kwamfuta ɗaya.

Sai dai tana da iyaka. Kwamfutata tsohuwa ce mai BIOS da MBR, tsohon tsarin raba faifai, nan ne manhajar ta fi ƙarfi. A kwamfuta mai UEFI, wato sabon tsarin da ya gaji BIOS, kana buɗe manhajar za ta sanar da kai cewa an kulle wasu ayyukanta, domin can tashi daga wani ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT32 yake. Mai irin wannan, umarnin bcdboot da ke cikin Windows zai fi yi masa amfani. Ka buga msinfo32 a akwatin bincike na Windows tukuna, zai nuna maka wace iri ce taka.