Sharhi: na'urar gano gubar hayaƙi da na saka a gidana

Duk shekara idan sanyin hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Janairu, ba a rasa labarin iyalin da suka kwanta lafiya, gari ya waye shiru, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Wani lokaci janareta aka shigar zaure ko baranda saboda tsoron ɓarayi, wani lokaci kaskon garwashi aka bari a ɗaki don yara su ji ɗumi. Abin da ke hallaka mutanen iska ce da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mai barci ya farka. Saboda ita na sayi wannan na'ura, kuma tunda ta yi damina da hunturu a gidana a Zariya, ina ganin na isa in faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

'Yar ƙarama ce fara, ba ta wuce tafin hannu ba, tana da ɗan gilashi mai nuna lamba da maɓalli guda na gwaji. Batir AA biyu take ci. Wannan shi ne abu na farko da zan yaba, domin akwai irin waɗanda ake jonawa a soket, mu kuwa haɗarinmu yana zuwa ne daidai lokacin da aka ɗauke wuta, sa'ad da kowa ya tada inji ko ya hura gawayi. Na'urar da ke mutuwa tare da wutar lantarki ba ta da amfani a ƙasarmu, sai idan tana da batir na ko-ta-kwana. Kuɗinta bai kai na cika tukunyar gas mai kilo 12.5 sau biyu ba. Ƙararta kuwa desibel 85 ce a ma'aunin ƙarfin sauti, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Na gwada ta a falo, ƙofar ɗakin barci a rufe, fanka na gudu, kuma babu wanda zai iya ci gaba da barci da wannan ihu.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya ɗauka an sayar masa da lalatacciya. Ba ta yin ƙara da zarar ta ji gubar. A bayan tawa an buga lambar ƙa'idar Turai, EN 50291, kuma ƙa'idar ta ce idan gubar ta kai kashi 50 cikin miliyan na iskar ɗaki, na'ura za ta yi ƙara tsakanin minti 60 zuwa 90. Idan ta kai 100, tsakanin minti 10 zuwa 40. Idan ta kai 300, cikin minti 3. Ta Amurka, UL 2034, lambobinta sun ɗan bambanta amma manufar ɗaya ce: ana lissafin yawan gubar da tsawon lokacin da mutum ya ɗauka yana shaƙarta, kamar yadda take taruwa a jini. Shi ya sa nake ba da shawarar a ƙara kuɗi kaɗan a sayi mai nuna lamba. Marar gilashi shiru za ta yi har sai abu ya yi nisa, mai gilashi kuwa tana nuna maka lambar na hawa tun kana da damar buɗe taga.

Gilashin nan ne ya sauya mana yadda muke amfani da gawayi. Tun da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, gidaje da yawa sun koma kurfoti, mu ma muna dafa wake da ruwan wanka a kai. Abin da muka tashi muka tarar shi ne a hura a tsakar gida, idan hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi jajawur, sai a shigar da shi ciki. Surukata ta zo mana hutu cikin sanyi, bayan sallar isha ta ce a kai mata kasko ɗaki. Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, bari in ajiye muku wannan abin a gefen gado tukuna." Ta ce, "Ke 'yar nan, ai ya ruru, babu sauran hayaƙi. Haka muka yi renon mijinki." Aka rufe ƙofa da taga, muna zaune muna hira, lambar ta tashi daga sifili tana hawa a hankali har ta haura 100, ɗakin kuwa tas, babu abin da hanci ke ji. Na nuna mata. Ba ta ja zancen ba, ta ce a fitar, a ƙaro mata bargo.

Ban ga laifin maganarta ba, gaskiyarta ce haka aka yi. Sai dai ɗakunan da suka yi reno a ciki na ƙasa ne, da ƙofar asabari da ɓulolin da iska ke ratsawa. Namu na bulo ne, da silin, da tagar gilashi mai zuƙewa, da labule mai kauri, har ƙasan ƙofa ake toshewa saboda ƙura da sauro. Garwashi kuwa, ko ya daina hayaƙi, yana ci gaba da fitar da gubar muddin yana ci, kuma tana ƙaruwa idan iskar ɗaki ta yi ƙaranci. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, don haka kaɗan ma ta isa ta hana ƙwaƙwalwa da zuciya samun abin da suke buƙata. Alamominta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda a wurinmu kowa zai ce maleriya ce, ya sha magani ya koma ya kwanta a ɗakin da ke cutar da shi. Idan 'yan gida suka tashi da ciwon kai gaba ɗaya, kuma ya lafa da sun fita waje, a binciki iskar ɗakin. Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon zuciya su suka fi saurin jigata, kuma abin da ya fi tada min hankali shi ne ɗakin mai jego, inda aka fi kai garwashi.

Turaren wuta ma yana motsa lambar idan an rufe ɗaki, amma da an buɗe taga take sauka. Janaretan maƙwabcinmu da ke jikin katanga, daura da tagar ɗakin yara, shi ma ta tona shi. Maigida ya same shi da lalama, aka matsar. Shawarar masana ita ce inji ya yi nisan aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙinsa na kallon wani gefe.

Inda ta gaza kuma, ba zan ɓoye ba. Mai shagon ya ce min tana jin yoyon gas da gobara, kuma ba haka ba ne. Kabon monoksaid kaɗai take ji. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, na'urarsa daban ce kuma kusa da ƙasa ake saka ta. Ta hayaƙin gobara ita ma daban, a silin ake maƙala ta. Wannan ruɗani yana da haɗari, domin mace za ta saki jiki a kicin tana ganin akwai mai tsaronta. Takardar bayanin kuma da Turanci ce, rubutu ƙanana, babu ko zanen kirki, alhali yawancin masu kwana da gawayi ba za su iya karanta ta ba. Sannan idan batir ya kusa ƙarewa tana yin 'yar ƙara guda ɗaya lokaci-lokaci, wadda ta bambanta da ƙara huɗu a jere ta haɗari, kuma dole a koya wa kowa a gida bambancin, in ba haka ba wani zai cire batirin don ya samu barci. Ƙurar hunturu tana toshe 'yan ramukanta, sai ana gogewa da busasshen ƙyalle.

Saboda haka tsaron kicin yana nan a wuyanmu. Harshen wutar gas shuɗi ya kamata ya kasance, idan ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta gindin tukunya, kan murhun na buƙatar wanki ko gyara, kuma a wannan hali ne yake fitar da gubar. Tiyo da bakin tukunyar gas ana gwada su da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne yoyo, ba a gwadawa da ashana. Idan aka ji warin gas, a rufe tukunyar gas ɗin, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki. Mai kuma idan ya kama da wuta wajen suyar awara ko ƙosai, a kashe murhu a kifa murfi a bar shi ya huce. Ruwa watsa wutar yake yi har silin. Idan ta fi ƙarfi, a fita da yara a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112.

Na saka tawa a farfajiyar da ke tsakanin kicin da ɗakunan barci, da dare kuma cikin sanyi nakan kai ta ɗakin yara, daidai tsayin gado. Wanda zai saka a kicin ya ba ta tazarar mita 1 zuwa 3 daga murhu, nesa da tururi da bakin taga. Idan ta yi ƙara, kowa ya fita waje, a bar ƙofofi a buɗe, wanda ke jin jiri ko amai a kai shi asibiti a faɗa musu hayaƙi ya shaƙa, domin oksijin ake saka wa mutum, kuma yana korar gubar daga jini da sauri fiye da iskar waje sau da yawa.

Zan sake sayen ta, kuma zan ƙara ta biyu kafin sanyin bana. Wanda zai saya ya juya bayanta ya nemi lambar EN 50291 ko UL 2034, sannan ya duba ranar da aka ƙera ta. Abin da ke jin gubar a cikinta yana mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10, gwargwadon iri, ko da fitilarta na nan tana ƙiftawa, kuma akwai waɗanda suka ci rabin shekarunsu a kan kantar shago.